Mai Tuni a Bayan Labule

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da wannan ƙarfin hali da na yi na rubuto miki, alhali ban tabbata ma za ki gane ni ba. Ni ce 'yar tela, wadda kakarki da kakata suke uwa ɗaya uba ɗaya. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, lokacin da aka kwantar da Kaka a asibiti. Kina zaune a matakala kina karatu, ni kuma ina laɓe a bayan Mama, kika ce, "Wannan ba ta magana ne?" Mama ta ce, "Ai Shiru muke ce mata." To ni ce Shirun.

Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai Mama da bayanta ke damunta saboda zaman keken ɗinki, amma da sauƙi. Ita ce ta karɓo min adireshinki wajen Kawu. Ta ce kina karantar wasan kwaikwayo a jami'a, kuma kina aiki a wani gidan wasa na gaske.

A darasin adabi bana muna nazarin wani wasa na ban dariya. Wani mai sayar da kwanon rufi ne ya yi arziki, amma in an je taro ba a ba shi wurin zama a gaba. Maƙwabtansa kuwa gida ne mai tsohon suna, ana miƙe musu in sun shigo, sai dai ɗakunansu yoyo suke yi, duk damina sai an jera bokitai. Ɗan gidan yana son 'yar mai kwano, ita ma ba ta ƙi shi ba. Iyayen ne kowa yake ta ɓoye abin da ya rasa. Wurin da na fi so shi ne ranar da mai kwano zai kai musu ziyara, ba su da kujerar kirki, sai mai aikinsu ta zagaya ta baya ta aro a gidansa. Ya zo ya zauna a kan kujerarsa, yana shafa ta yana cewa, "Irin wannan sai gidan asali! Ba a samun ta a kasuwa."

Malama ta ba mu tambaya: wa marubucin yake so mu yi wa dariya? Na ce mai kwano, don yana hangen abin da ba nasa ba. Ta rubuta min, "Kin kusa." Ban san abin da ya rage ba.

Abu na biyu, za mu nuna wasan a ɗakin taro ƙarshen zango. Na so in fito a 'yar mai kwano. Ban faɗa wa kowa ba, na dai haddace wasan duka, maganar kowa da kowa, ina sa maɓallan riguna ina maimaitawa. Ranar zaɓe Malama ta ja wata magana daga tsakiya, na ɗora, ta ja wata, na ɗora. Sai ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, mun sami mai tuni!" Wai mai tuni shi ne wanda ke zama a bayan labule da littafi, in wani ya manta ya raɗa masa. Ta ce ita haka take yi kowace shekara, wanda ya fi hadda shi take ajiyewa a can.

'Yar mai kwano kuwa aka ba Autar Kawu. Ajinmu ɗaya da ita. Tana da murya, ban musa ba, kuma Malama ta ce kowa zai zo da kayansa daga gida.

Yaya, ke da kika san dandamali, don Allah mai tuni yana cikin 'yan wasa, ko kamar mai share ɗakin ne? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Ƙanwarki,
Shiru

*

Shiru ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na gane ki sarai, mai farin ɗankwali da ya fi ƙarfin kanta. Ki gaishe min da Mama, ki ce ta riƙa sa matashi a bayanta, ta kuma riƙa miƙewa tsakanin riga da riga.

A tsaye nake rubutun nan, ana jirana. Na san wasan. Batun tambayarki, ki koma ki sake duba kujerar nan, amsar tana zaune a kai.

Auta ce 'yar mai kwano? Kai, Autar da na sani, wadda ta sa duk ɗakin asibiti dariya har ma'aikaciya ta kore mu! Za ta iya, amma akwai aiki a gabanta. Wurin da take fuskantar uwar saurayin nan yana kayar da manya ma. Ki ce ta rubuto min. Ke kuma ki kula min da ita sosai, kada ki ɗauke idonki daga kanta ko kaɗan.

Sauran magana sai na zauna.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ga wasiƙarki, na gode ƙwarai da kika ɓata lokacinki. Mama ta sa matashin, ta ce ya yi amfani. Ni ma lafiyata ƙalau.

Na isar da saƙonki ga Auta tun washegari, ban rage komai ba. Ta yi tsalle a gaban allo. Yanzu amsarki tana cikin jakarta, ta karanta wa 'yan aji har ta kusa yagewa. Shafi biyu ne gaba da baya. Ba ƙorafi nake yi ba, na lura ne kawai.

Tun daga ranar ba ta da magana sai "Yayata ta ce in tsaya a nan", "Yayata ta ce in ja numfashi". Wata ta tambaye ta, "Ita ma Shiru yayarta ce?" Ta ce, "E to, ta can nesa." Na zo gida na zauna na bi dangantakar a takarda. Kawu da Mama ciki ɗaya suka fito. Nisan da ke tsakaninki da ita shi ne nisan da ke tsakaninki da ni, ko taku ɗaya ba ta fi ni ba. Kuma ni na fara rubuto miki.

Kawu ya aiko direba da yadi mai sheƙi, ya ce Mama ta ɗinka wa Auta rigar wasan. Auta ba ta da lokacin zuwa awo, wai tana darasin yamma. Da yake tsayinmu ɗaya, kafaɗarmu ɗaya, sai Mama ta ce, "Zo nan, Shiru, ara min jikinki." Na tsaya a tsakiyar ɗaki cikin rigar 'yar mai kwano, hannuwa a buɗe, Mama da fil a baki tana zagaya ni. Na hango kaina a madubin kabad. Ban san lokacin da bakina ya fara maganar nan ta gaban uwar saurayi ba. Mama ta ce, "Ke, tsaya cak, za ki sa in soke ki." Da ta gama ta ce in cire a hankali kada in ɓata wa yarinya kaya.

A gwaji kuwa, ana ba ni wani ɗan benci a bayan labule, kusa da tsintsiya da bokitan yoyon wasa. 'Yan aji suna cewa, "Shiru, an dace! An ba ki aikin raɗa, ba sai kin koya ba." Auta kullum sai ta manta. Wani lokaci kafin in buɗe baki ta juyo ta ce, "To malama mai littafi, barci kike yi?" In na yi sauri kuma ta ce, "Wa ya tambaye ki? Ai ina sane, salo ne." Kowa ya yi dariya, har Malama.

Kin ce kada in ɗauke idona daga kanta. Ban ɗauke ba. Kowa ma ita yake kallo, ba sai an roƙe shi ba.

Yaya, zan faɗa miki wani abu da ban faɗa wa kowa ba, don ina jin tsoronsa. Ranar wasa iyaye za su cika ɗakin, Kawu a layin gaba. Auta za ta manta, wannan ba shakka. In na yi shiru a lokacin, ba wanda zai ce da gangan ne. Za a ce ai Shiru ce, muryarta ce ba ta fita. Tunanin nan yana zuwa min ko ina wanke-wanke, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba ya zuwa da ɗaci. Da daɗi yake zuwa.

Ba ki amsa min ko mai tuni yana cikin 'yan wasa ba. Na sake duba kujerar, ban ga komai ba sai kujera.

Ƙanwarki,
Shiru

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa aka ji ki shiru. Mu duk lafiya.

Kullum in na taso sai na biya ta shagon mai gyaran agogo, inda ake ajiye wa layinmu wasiƙu. Yanzu tun daga nesa yake kaɗa min hannu alamar babu. Auta kuwa ta sami kati daga gare ki, mai hoton labule ja, ta manna shi a cikin murfin tebur ɗinta.

Na gane abin da na rubuta a wancan karon bai dace ba, kuma wataƙila kin ga ni ba yarinyar kirki ba ce. Ina roƙon alfarma ɗaya, kada ki faɗa wa Auta, kada kuma ya kai kunnen Mama. Ba sai kin amsa wannan ba. Na san kina da wadda kike rubuta wa.

Shiru, 'yar tela

*

Shiru, ke Shiru!

"'Yar tela" kuma? Yau ni ake wa sa hannu kamar takardar neman aiki? To sannu, ranki ya daɗe.

Lafiyata ƙalau sai mura. Mun yi tafiya ne da 'yan wasa, muna yawon makarantu a wata tsohuwar mota da ke tsayawa duk inda ta ga dama. Katin Auta tun kafin mu tashi na jefa shi. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, na karanta ta biyun kafin ta farkon, na rasa laifin da na yi. Ban faɗa wa kowa komai ba, ba kuma zan faɗa ba.

Laifina ɗaya, na yi miki rubutun tsaye. Yanzu a zaune nake.

Wa ya ce miki ina hawa dandamali? Mama ta ce ina aiki a gidan wasa, gaskiya ne, amma ba ta san a wane lungu ba. Ni mai tuni ce, Shiru. Benci gare ni kamar naki, sai dai nawa yana da 'yar fitila. Ni ma hadda ce ta kai ni can. Akwai wata a cikinmu, Doguwa muke ce mata, ita ke fitowa a duk babbar mace. Takalminta ma in na gani a bakin ƙofa sai raina ya ɓaci. Rannan aka kawo mata furanni, ta miƙo min ta ce, "Riƙe min, 'yar uwa, hannuna da kwalliya." Na riƙe. Don haka daɗin nan da kika ce tunanin yana zuwa da shi, na san ɗanɗanonsa, ba ki ba ni tsoro ba.

Da na ce kada ki ɗauke idonki daga Auta, ba renonta na ba ki ba. Aikin na fara koya miki, aka kira ni. Sabon mai tuni littafi yake kallo, shi ya sa yake ɓata wasa. Ɗan wasa yana da shiru iri biyu. Akwai wanda ya yi da gangan don mutane su matsu, akwai na wanda kansa ya ɗauke. A kunne duk ɗaya ne. In kika yi raɗa a na farko, kin kashe masa abin da ya gina. In kika makara a na biyu, kin bar shi tsirara a gaban jama'a. Littafi ba zai gaya miki wanne ne wanne ba, jikin mutumin ne zai gaya miki. Doguwa in ta manta, babban yatsan ƙafarta take murzawa a ƙasa. Ita kanta ba ta sani ba. Duk gidan nan ni kaɗai na sani, don ba wanda ya ƙura mata ido kamar ni, kuma kin san ba ƙauna ce ta sa ba.

To ke, me Auta take yi kafin ta manta? Na rantse kin sani.

Na rubuta mata shafi biyu ne don ita sai an tauna mata. Ke na jefa miki kujera na wuce, don na ga rubutunki.

Ba zan ce miki kada ki yi shirun ba, ba ni ce a bencin ba. Gaskiyarki, ba wanda zai gane. Ke kaɗai za ki sani, kuma ke za ki ci gaba da zama aji ɗaya da ita.

Ba zan samu zuwa ba, ranar muna da namu wasan. Ki ba ni labari, kada ki rage.

Yayarki, ta kusa ba ta can nesa ba

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya murar? Mama ta ce ki riƙa rufe ƙirjinki a motar nan. Ki yafe min wasiƙar da ta wuce, kunya ta hana ni sake tuna ta. Taki kuwa na karanta a bakin shagon mai agogo, a tsaye, har ya ce, "Yau dai an biya ki albashi ke nan."

Auta ɗan kunnenta na hagu take taɓawa kafin ta manta. Ina karanta tambayarki amsar ta faɗo min. Tun muna firamare in aka tashe ta karatu ta kakare, hannunta sai ya tafi can. Ban taɓa sanin na sani ba.

An yi wasan. Ɗakin ya cika har tagogi. Kawu yana gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mama ta zauna can gefe wajen ƙofa, wai don ta fita da wuri, akwai ɗinki. Na rufe littafin na ɗora a cinya, tunda ban buƙace shi ba, na sami wata 'yar tsaga a labule na sa ido.

An yi dariyar kujera sosai, Kawu ya fi kowa. Sai aka zo wurin uwar saurayi. Auta ta tako cikin rigar nan, ta tsaya, ta ce, "Ranki ya daɗe, ina da tambaya. Ni kuke so..." Sai ta yi shiru.

Yaya, shirun ya yi tsawo. Wani ya yi tari. Malama tana ɗaya gefen labulen tana ta yi min alama da hannu biyu, bakinta yana cewa, "Faɗa mata! Faɗa mata!" Na dubi hannun Auta. Yana ƙasa, ya kama gefen riga. Bai tafi kunne ba. Na san in na yi raɗa zan wanke kaina a wajen Malama, kuma zan ɓata wa Auta abin da ta fi wahala a kai, ba mai ganin laifina. Ban taɓa tunanin ta wannan hanyar ma za a iya kayar da ita ba. Na cije leɓe. Malama ta ɗora hannu a ka.

Sai Auta ta ɗaga ido sama, wajen rufin, a hankali, ta ce, "...ko kwanon rufin? In kwanon ne, ba sai an yi aure ba, gobe a kawo muku." Ɗakin ya fashe. Har da masu buga tebur.

Can kusa da ƙarshe, a wurin da ba ta taɓa mantawa ba, saurayin ya ce mata, "Yanzu kin yarda ke nake so?" Sai na ga hannun ya tashi. Ya kama ɗan kunnen. Idonta ya yi fari-fari. Malama ba ta lura ba, ta ɗauka wani salon ne, har tana murmushi.

Kin ce kada in rage. Na bar ta numfashi ɗaya. Na ji daɗinsa, ba zan yi miki ƙarya ba. A numfashi na biyu na dube ta tsaye a cikin rigar da aka auna a jikina, sai na ji kamar ni ce. Na ce a hankali, "Sai mu gani in ruwa ya sauko." Ta ɗauka ta faɗa da ƙarfi, kamar yanzu ta ƙirƙiro shi. Aka yi tafi.

Da aka tashi, Malama ta zo ta ce, "Ke, da ina miki alama, makancewa kika yi?" Kafin in amsa Auta ta faɗo bayan labule tana haki, ta ce, "Malama, da ta yi magana a wurin nan da na shaƙe ta!" Sai ta juyo gare ni. "Ya aka yi kika san ba mantawa na yi ba?"

Na ce, "Kunnenki."

"Kunnena me?"

Na gaya mata. Ta kama kunnen, ta sake shi da sauri kamar ya ƙone ta. Ta ce, "Tun firamare? Ke Shiru, mayya ce ke? Haka kike zaune kina kallona?" Na ce e. Ta yi ta dubana, sannan ta ce, "To kada ki faɗa wa kowa." Aka kira ta ɗaukar hoto, ta miƙo min mayafinta ta ce in riƙe mata. Na riƙe. Na tuna ki, dariya ta kusa ƙwace min.

Ba a kira sunana a cikin 'yan wasa ba, an manta. A hanya Mama, wadda ashe ba ta fita da wurin ba, ta ce rigar ta zauna daidai. Muka yi 'yar tafiya, sai ta ce, "Labulen nan bai kai ƙasa ba. Ni takalmanki na yi ta kallo."

Na sake rubuta amsar tambayar. Na ce ba mai kwano kaɗai ake wa dariya ba, har da masu tsohon suna, don kowane gida yana leƙen ɗaya ta kan katanga, kuma auren 'ya'yansu ya zama tsanin leƙen. Na ce mai kwano bai taɓa ganin kyan kujerarsa ba sai da ya same ta a ɗakin wasu. Malama ba ta dawo da takardun ba tukuna.

Kada ki ɗauka na warke. Jiya Auta ta ce, "Zan rubuta wa Yayata yadda na yi shirun nan," kishin nan ya taso min kamar da. Kuma har yanzu ina son rigar.

Yaya, zango mai zuwa akwai wani wasan, Malama ta riga ta ce bencin nawa ne. Ina da tambayoyi irin na bayan labule, waɗanda ba wanda zai gane su sai ke. In ba zan takura miki ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki. Ko a tsaye kika amsa, na gode. Sai dai don Allah, in za ki aiko wa Auta saƙo, ki sa mata a nata ambulan.

Ƙanwarki,
Shiru, mai tuni